Sunan da Mariyama ta bar mini

Ke Hadiza, ke kika sa na zauna rubuta wannan babi, don da niyyata in tsallake shi. Ranar Juma'ar da Lalla ta zo gaishe ni, ta tsaya bakin zaure ta yi mini alamar nan da take kirana da ita, na ga kin zabura kin kama mata hannu kin sauke, kina girgiza mata kai. Na daka miki tsawa gaban ɗiyanki, kika kwashe su kika tafi ba sallama. To ki riƙe fushinki, amma ki karanta. Ku ma Musa da Isufu ku karanta, don na san abin da kuka sani game da ni da ƙanwata Mariyama, uwar Lalla, a bakin maƙwabta kuka tsince shi, guntu nan guntu can. Kun tashi kun ga ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya a cikin Agadas, tsakanin gidana da nata bai kai nisan kasuwa ba, kuma ba ku taɓa ganin ƙafarta a gidan nan ba. Ba ku tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Yanzu ta rasu, Inna kakarku ta rasu, babanku ya rasu, saura ni kaɗai da na san yadda aka yi na rasa ƙanwata tana da rai.

Kun san aikina. Ekonomi familiyal na koyar a koleji har na aje aiki, darasin da mushe-mushen lissafi, wato malamai maza, suke kira darasin tuwo in sun ga na ba da baya. Ina koya wa ƴan mata ɗinki, da tsabtar gida, da yadda ake dama kunun yaye ya riƙe cikin yaro, da yadda ake yi wa jariri wanka ba a sa masa ruwa a hanci ba. Ina son aikin, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Ina cikinsa aka zaɓe ni in tafi jami'a a Yamai, in ƙaro karatu a kan girman yaro, yadda jikinsa da hankalinsa da harshensa suke buɗewa mataki bayan mataki. Lokacin Musa da Isufu suna ƙanana ba su yi wayo ba, ke Hadiza ba a haife ki ba. Babanku ya ce in tafi, zai iya da ku. Inna kuwa da na je na faɗa mata, ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar gero ba. Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta taɓa kama sunana ba har ta koma ga Allah, ƴar lakwal take ce mini, wato ƴar makarantar boko.

"Ƴar lakwal za ta tafi a koya mata goyo," in ji ta, tana magana da tasar geron. "Mu da muka goye ta sai mu zauna mu jira ta dawo ta gyara mana."

Mariyama ce ta yi dariya har da riƙe ciki, ita ce kuma ta wuni tana daka mini tukuɗin guzuri, ta zuba dabino da cuku ba tausayi. Ina so ku san wace ce ita a wurina kafin abin ya faru, don ku ba ku ga wannan ba. Ni na goye ta. Ita take mini kitso tun hannunta bai iya riƙe tsinke da kyau ba, kuma har na yi aure ban yarda wata ta taɓa mini kai ba. Ni mai zafi ce, kun sani, ita kuwa in na taso da faɗa sai ta kwaikwayi muryata ta aji, "Ku buɗe kayen rubutu, ku rufe baki," sai in rasa inda zan sa fushin. Mijinta Alhusaini direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Dirku, in ya tafi sai a manta da kamanninsa kafin ya dawo, saboda haka rabin rayuwarta a gidana take, rabi a gidan Inna. Ta sha wuyar haihuwa. Ɓari bayan ɓari, har ta daina faɗa wa kowa in ta samu ciki. Da Allah ya ba ta ɗiya mai rai aka sa mata sunan Inna, muka riƙa ce mata Lalla don ba mai iya kiran sunan a gidan. Yarinyar ba ta cika shekara ba sanƙarau ya kama ta da bazara, wuyanta ya sandare, muka fid da rai. Ta tashi. Aka yi sadaka, aka yi murna, ni kuma bayan damina na kama hanyar Yamai.

A cikin malamanmu na jami'a akwai wata gajeruwar mata mai kaushin murya, ita ke koyar da mu yadda harshen yaro yake fitowa. Wata rana tana bayani a kan gwaranci, wannan surutun jarirai na ba-ba-ba da ma-ma-ma, ta ce kowane yaro yana fara shi, amma mai ji ne kawai yake ci gaba da shi, don jin muryar kansa ne yake sa shi maimaitawa. Ta ce in kun ga yaro yana gwaranci ya daina, ku fara duba kunnensa kafin ku duba bakinsa, musamman in ya taɓa yin zazzaɓi mai sandar da wuya. Ta ce akwai lokacin da harshe yake shiga yaro da sauƙi, ko da baki ko da hannu, in lokacin ya wuce sai da wahala, kuma ba ya shiga duka. Kowa na rubutu, ni hannuna ya tsaya. Na tuna Lalla kafin ciwon, ba ta barin mu mu yi hira don surutu. Na tuna ta bayan ciwon, shiru a bayan uwarta, mata suna yaba ta suna cewa Mariyama ta yi dace da yarinya mai haƙuri. Ni ma da bakina na yaba. Daga baya aka kai mu istaj, wato gwajin aiki, wurin da ake awon jarirai, aka nuna mana yadda ake gwadawa: ki tsaya bayan yaro inda ba ya ganinki, ba ya ganin inuwarki, kada iskar hannunki ta taɓa shi, sannan ki yi ƙara. Na gwada yara da yawa a wurin, kowanne ya waiwayo, kuma kowanne ya waiwayo sai gabana ya ƙara faɗuwa saboda Lalla.

Na dawo hutun bakans da damina, Lalla ta wuce shekara biyu. Tana gudu, tana ci, ga wayo. Idonta kamar zai cinye fuskar mutum in yana magana. In uwarta ta ɗauki tsintsiya ita ma ta nemo kara, in Inna ta ɗaga hannu tana addu'a ita ma ta ɗaga. Amma ko kalma ɗaya babu. An lasa mata zuma a harshe, an kai ta wurin wanzami ya duba ƙasan harshen ya ce lafiya lau, an karɓo rubutu tana sha. Sunan abin a gidan guda ne, kowa ya yarda da shi.

"Nauyin baki ne," in ji Inna. "Gadon gida ne. Ƙanena sai da ya kai aike kafin ya ce uffan, ga shi ya ƙare yana kiran salla unguwa uku na jin sa."

Na yi kwanaki ina kallon yarinyar. Na ga in ana kiran ta, mai kiran yana gabanta ne ko yana miƙa mata hannu. Na ga jaki ya yi kuka a bayan katanga, yaran gida sun firgita, ita tana tonon ƙasa abinta. Na faɗa wa babanku muna shan shayi da la'asar. Ya juya ɗan finjalinsa, ya amsa.

"Ki bari su gane da kansu, Halima."

"Yaushe? Lokaci yana wuce yarinyar. Akwai lakwal ɗin kurame a Yamai, akwai likitan kunne. Ina can, zan iya riƙe ta a wurina."

"Ke uwa ce a wurin yarinyar nan," ya ce. "Maganarki a kanta ba irin ta kowa ba ce."

Ni na ɗauka yana nufin za a saurare ni. Wallahi haka na fahimce shi, har na ji ƙarfin gwiwa. Shi kuwa abin da yake nufi shi ne abin da kowace tsohuwa a garin nan ta sani, cewa yayar uwa uwa ce, kuma bakin uwa yana kama ɗa, in ta faɗi alheri ya bi shi, in ta faɗi sharri ya bi shi. Na san wannan, a cikinsa na girma. Amma na shekara ina zaune a aji inda ake faɗin ciwon yaro da sunansa a rubuta a allo, har na manta cewa akwai gidan da ba a yin haka, kuma gidan namu ne.

A shekarar nan bikin Biyanu, babban bikin Agadas, ya faɗo cikin bakans. Da masu ganguna suka biyo ta ƙofar gidan Inna, samari da rawunansu suna rawa, muka fito kallo. Lalla tana kan kwankwason uwarta, tana ganin su ta fara tsalle tana kaɗa kai daidai da kiɗan. Mariyama ta juyo ta dube ni fuskarta cike da murna, don ta riga ta lura da irin kallon da nake yi wa ɗiyarta. Ni kuwa na jingina da katanga, ina jin gangar tana bugawa a cikin ƙasar ginin, tana shiga bayana har ƙirji. Na san abin da yarinyar take ji ke nan. Na yi murmushi don kada in ɓata wa Mariyama ranar.

Na jira har biki ya watse, baƙi suka tafi. Kada wani ya gaya muku a gaban jama'a na yi, ƙarya ne. Da hantsi ne, a tsakar gidan Inna, mu uku kawai, sai Lalla tana zaune a kan rairayi ta ba mu baya, tana jera ƙwallayen dabino. Na ɗauki tasar ƙarfe da ludayi, na zagaya inda inuwata ba za ta faɗa gabanta ba, na buga da ƙarfina. Kaji suka watse. Akuyar Inna ta fizgi igiya. Inna kanta tasbaha ta faɗi daga hannunta. Lalla ta ɗauki wani ƙwallon ta ajiye kusa da ɗan'uwansa. Na sake bugawa, kusa da ƙeyarta, har kunnena ya yi zafi. Ba ta motsa ba.

"Wasa ne ya ɗauke mata hankali," in ji Mariyama. Muryarta ta yi ƙasa.

"Kira ta," na ce.

Ba ta kira ba. Ta miƙe za ta zagaya gaban yarinyar, na riƙe mata zane. A aji da Faransanci muke faɗin abin, kalmar tana wucewa ba ta taɓa kowa. A tsakar gidan nan na nemi yadda zan faɗa da Hausa ya zo da sauƙi, ban samu ba.

"Mariyama, yarinyar nan ba ta ji. Tun sanƙarau. Kurma ce."

Inna ta yi a'uziyya. Ban taɓa ganin ta tashi da sauri haka ba. Ta zo ta tsaya a gabana, ta nuna ƙasa da yatsa.

"Tofar. Tofar da yawu yanzu, ki ce ba ki faɗa ba. Ki ɗora mata hannu a ka ki faɗi alheri."

Kun san al'adar. In mugun zance ya kuɓuce wa mutum a kan yaro, sai ya tofar a take ya janye, shi ke nan an kashe maganar. Ni kaina na sha sa ɗalibai su tofar in sun yi wa juna mugun fata, ina dariya. Ba wani abu ba ne mai wuya. Mariyama ta durƙusa ta rungume Lalla, yarinyar ta ɗago tana mata dariya, ba ta san ana yi ba.

"Yaya, don Allah ki tofar," ta ce. "Ba abin da zai rage ki. Ita kaɗai gare ni."

"In na tofar, za ki bar ni in kai ta wurin likita?"

"In kai ta ta yi mi? Kin gan ta tana rawa shekaranjiya. Lafiyarta lau."

"To ba zan tofar ba."

Ga abin da ke raina a lokacin, ku auna da kanku. Na san in na tofar, maganar ta mutu ke nan. Za a koma nauyin baki da zuma da rubutu, duk ranar da na sake tayar da zancen a ce ai kin janye. Na ga shekarun yarinyar suna zubewa a gabana, na ce gara su yi fushi da ni mako ɗaya ko wata ɗaya, su huce, mu tafi Yamai. Na san Mariyama, ba ta iya riƙe fushi ya kwana. Haka na lissafa. Ta ɗauki ɗiyarta ta goya, zanen ya kwance mata sau biyu, ta fita ba ta waiwaye ni ba. Inna ta koma ta zauna ta tsinci tasbaharta.

"An koya miki goyo," ta ce.

Abin da ban lissafa ba shi ne wannan. Kafin ranar, ba wanda ya taɓa tsayawa bayan Lalla ya kira ta don gwaji. Bayan ranar, kowa ya yi. Mariyama ta yi a ɗakinta, ta kira, ta tafa, ta buga murfin tukunya. Surukarta ta yi. Maƙwabta suka yi. Duk suka ga yarinya ba ta ji, kuma duk suka rantse da tana ji, ga shaida ta yi rawa a Biyanu gaban kowa. Saboda haka kurumcin Lalla a wurinsu ya fara ne ranar da na buga tasa na faɗi kalmar, aka roƙe ni in tofar na ƙi. Kafin in koma Yamai labarin ya gama tsohon gari. Na je gidan Mariyama, surukarta ta tare ni a zaure ta ce ba ta nan, ina jin tarinta a ɗaki. Da sanyi ya shigo na sa babanku ya aika mata lemun Timiya, don tana mutuwar son sa, aka dawo da kwandon yadda ya tafi. Maimakon likita, aka shiga neman mai karya baki. Inda duk aka ji labarin malami ko mai turare sai an kai Lalla, har ƙauyukan cikin duwatsu.

Na gama karatun na dawo da takardata, na koma aji. A da, in darasin wankan jariri ya zo, ɗalibai har rige-rige suke yi wace za ta aro ƙanenta a yi da shi, uwayen suna murna. Shekarar da na dawo na tambaya, ajin ya yi tsit. Wata mai ƙarfin hali ta ce innarta ta ce jaririnsu yana mura. Kowa jaririnsu yana mura. Na ɗinka ƴar tsana da tsumma na cusa mata auduga, da ita na koyar da wanka da goyo da shayarwa har na bar aiki. In na shiga gidan suna, sai in ga mai jego ta ja mayafi ta rufe fuskar ɗan, tana mini sannu da zuwa da fara'a. Na daina cewa yaro ya yi kyau, na daina cewa ya rame. Ni da na tafi koyon yara, na dawo ba mai miƙo mini nasa. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, amma duk bai kai rashin Mariyama ba. Kaina ya yi wata da watanni a tsefe kafin in yarda wata ta yi mini kitso.

Da Inna ta kwanta ciwon ajali, dole ta haɗa mu ɗaki ɗaya, ni a gefen kai, Mariyama a gefen ƙafa, muna miƙa wa juna ƙwarya ba magana. Lalla lokacin ta isa a aike ta. Wata safiya Inna ta buɗe ido ta dube ni.

"Ƴar lakwal, ki tofar mini kafin in tafi."

Na tofar. A ƙasan ɗakin, gaban su biyu, na ce ban faɗa ba, na janye. Na yi don uwata ta tafi da sanyin rai, kuma in gaskiya za a bi, na yi don ina son ƙanwata ta dawo. Mariyama ta dubi inda yawun ya faɗi, ƙasa ta riga ta shanye shi.

"Yanzu?" ta ce. "A take ake yi, Yaya. Lokacinsa ya wuce."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta haɗa ni da ita, ban da gaisuwar da ake yi wa kowa a gidan mutuwa.

Alhusaini ne daga baya ya gaji, ya ɗauki yarinyar a kamiyo ya kai ta Yamai tana kusan shekara goma. Da ya dawo ya same ni a ƙofar koleji, ya tsaya nesa yana murza rawaninsa, ya ce likita ya duba ya ce ciwon jarirantaka ne ya kashe jijiyar, tun kafin ta iya tafiya. Na ce ya faɗa wa matarsa? Ya ce ya faɗa, ta ce likitan ba ya nan ranar da aka buga tasa. Ya sa Lalla a lakwal ɗin kurame, ita ce babba a cikin ƙanana, tana zaune gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashin benci. Ta koyi rubuta sunanta da ƴan kalmomi, ba ta daɗe ba aka dawo da ita, don uwarta ta daina cin abinci. Ɗinki ta koya a unguwa, da shi take riƙe da kanta yau. Duk ranar da na ga yadda take gane abu da kallo ɗaya, sai in tuna inda kan nan zai kai da an fara da wuri.

Na daɗe ina ce wa Mariyama mai taurin kai a raina. Sai da na tsufa na gane ta. Ranar da zazzaɓin ya kama Lalla, Alhusaini yana hanyar Dirku, ita kaɗai ce a gida, ta ɗauka na haƙori ne, ta jinkirta kafin ta kai ta likita. In sanƙarau ne ya kurmantar da yarinyar, to sai ta zauna da wannan jinkirin har mutuwa, ta kuma zauna da cewa ta yi shekara da rabi tana yi wa ɗiyarta waƙa a baya ba ta lura ba a ji. In kuwa bakina ne, ita ba ta da laifi. Ɗaya daga cikinmu sai ta ɗauki abin, ni ce babba. Ban ce na ɗauka da daɗin rai ba. Kuma kada ku ƙirƙiro mini nadamar da ban yi ba, don ko yau na ga yaro a haka zan faɗa. Abin da na kasa warwarewa shi ne, na faɗa don kada a ɓata lokaci, kuma faɗar ce ta sa aka ɓata shi.

Mariyama ta rasu bazarar bara. Ba a aiko mini tana ciwo ba, mai kawo mana ruwa ne ya yi mini gaisuwa yana zaton na sani. Na shiga gidan da rabona da cikinsa tun Lalla tana goye. Mata suka matsa suka ba ni tabarma, wasu suka gyara wa jikokinsu mayafi. Ina zaune Lalla ta fito daga ɗakin uwarta, mace babba, idonta ya kumbura. Ita da uwarta sun ƙago yarensu na hannu a tsakaninsu, kowa da alamarsa. Babanta, hannu biyu riƙe da sitiyari. Inna, yatsu suna jan tasbaha. Mariyama kanta, tafin hannu a ƙirji. Da ta gan ni sai ta tsaya, ta haɗa yatsunta a bakinta, ta watsa su waje kamar mai jefar da abu, sannan ta nuna ni. Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai. Ba sai an fassara mini ba, mai baki ke nan, wadda ta jefi yarinya da magana. Amma Lalla murmushi take yi cikin hawaye. Ta zo ta durƙusa ta sa kanta a cinyata, na ɗora mata hannu a ka.

Bayan an share makoki ta fara zuwa gidan nan ranar Juma'a. Wata rana na yi mata alamar, na buɗe tafin hannu ina tambayar ma'anarta. Ta yi mamakin ban sani ba. Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta ɗaure fuska, ta yi kamar tana rubutu a allo, ta juyo tana watsa magana ga ɗalibai. Malama. Abin da ta sani ke nan. Ta nuna mini yadda tun tana ƙarama in na wuce ta bakin titinsu da jakata zan tafi koleji, uwarta takan ja ta zuwa zaure, su leƙa ta bayan ƙofa, ta yi mata alamar ta nuna ni, su tsaya har in sha kwana. Mariyama ta faɗa wa duk garin nan abin da na yi wa ɗiyarta, amma ba ta taɓa faɗa wa ɗiyar ba. Ni kuwa na yi shekaru ina bin titin nan da gangan, alhali ba shi ne hanyata ba, ina kallon ƙofar a rufe.

To, Hadiza, kin ji. Ke kin san ma'anar da unguwa ta sani, shi ya sa kika kama mata hannu, kuma na san don ni kika yi. Kada ki sake. Kada wani cikinku ya zaunar da ita ya yi mata bayani, ko ina raye ko bayan raina. Ban samu zanen Mariyama ba, ban samu yafiyarta ba, ko wankan gawarta ba a kira ni ba. Sunan nan kaɗai ta bar mini, da hannunta ta raɗa shi, ta koya wa ɗiyarta a bayan ƙofa tana kallona ina wucewa. In Lalla ta tsaya bakin zaure ta kira ni da shi, ina amsawa.